Daga Sangaya zuwa wayar hannu: tarihin finafinan samari da abin da begen jiya ke ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa ɗan zama a rumfar masu cajin waya da tura finafinai, ko a cikin garin Gumel ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san ba sabon fim kaɗai ake nema ba. Akwai magidancin da furfura ta fara tsiro masa a gemu, wanda zai miƙo waya ya ce a saka masa waƙoƙin Sangaya. Akwai kuma matashin da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da fim ɗin ya fito a 1999, amma ya san amon kiɗan daga guntayen da ake yaɗawa a TikTok da Facebook. Na farko ƙuruciyarsa yake nema. Na biyu kuwa yana begen zamanin da bai gani ba, wanda ake ce masa ya fi nasa tsafta da kunya.

A 2025 wani ɗan jaridar Amurka mai suna Bruce Handy ya fitar da littafi mai suna Hollywood High, wanda ya bi tarihin finafinan 'yan sakandare na ƙasarsu tun daga shekarun 1930. Ba shi ne na farko ba. Thomas Doherty ya rubuta Teenagers and Teenpics a 1988, Timothy Shary kuma ya fitar da Generation Multiplex a 2002. Abin da waɗannan littattafai suka haɗu a kai shi ne, finafinan da manya suka raina a lokacinsu, suka kira su shirmen yara, su ne daga baya suka zama madubin da al'umma ke duba kanta a ciki. Mu ma muna da namu irin waɗannan finafinai, muna da littattafan da aka rubuta a kansu, muna kuma da namu begen. Tambayar ita ce, me muke tunawa, me kuma muka zaɓi mu manta?

Yadda aka haifi "matashi" a Amurka

Kafin a yi fim ɗin matasa, sai an sami matasan da ke da lokacin kansu da kuɗin kashewa. A Amurka wannan ya faru ne tsakanin shekarun 1930 da 1950. Karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan 1929 ta rage ayyukan yi, don haka yara da yawa suka zauna a makarantar sakandare maimakon su tafi gona ko masana'anta. Sai aka wayi gari miliyoyin masu shekara 13 zuwa 19 suna yini tare a wuri ɗaya, da yarensu da adonsu da kiɗansu. 'Yan kasuwa suka farga. A 1944 aka fara buga mujallar Seventeen domin 'yan mata kaɗai.

Bayan yaƙin duniya na biyu talabijin ta shiga gidaje, iyaye suka rage zuwa sinima, sai masu shirya fim suka koma ga waɗanda har yanzu ke son fita da dare. A 1955 aka saki Blackboard Jungle, labarin ɗalibai masu taurin kai, da Rebel Without a Cause, wanda jaruminsa James Dean ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 24, makonni kaɗan kafin fim ɗin ya fito. Iyaye da malaman coci suka tayar da jijiyar wuya, har wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya zauna yana binciken ko finafinai ne ke lalata yara.

Ba a yi shekara ashirin ba sai ga zamanin ya zama abin bege. American Graffiti na 1973 ya koma 1962, Grease na 1978 ya koma ƙarshen shekarun 1950. Yaran da aka yi wa faɗa sun girma, sun zama masu kuɗi da masu mulki, sun fara sayen ƙuruciyarsu a akwatin kallo. Haka aka sake yi da finafinan John Hughes na shekarun 1980, irin su The Breakfast Club na 1985. Abin da ya firgita iyaye jiya, shi ne 'ya'ya ke kira zamanin kirki yau.

Namu daga takarda ya faro

A ƙasar Hausa hanyar ta bambanta, amma akwai kamanni. Littafin da ya fi fayyace tushen lamarin shi ne Signal and Noise, wanda Brian Larkin, masanin halayyar al'umma da ke koyarwa a birnin New York, ya wallafa a 2008 bayan ya yi bincike a Kano a shekarun 1990. Larkin ya bi sawun hoto mai motsi tun daga majigin Turawan mulkin mallaka, wanda ake yawo da shi gari gari ana nuna wa talakawa yadda ake noma da tsafta, zuwa gidajen sinima da Kwarori suka gina a Kano, irin su Rex da Palace. Ya nuna cewa tun farko sinima ta shigo da tabo. Gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin ishara. Gidan sinima ya zama wurin maza, wurin da ɗiyar mutunci ba ta taka ƙafa.

A cikin waɗannan gidaje ne finafinan Indiya suka kama zuciyar Bahaushe, daga baya kuma gidajen talabijin na Kano suka kai su har cikin ɗakunan mata. Bayanin Larkin a kan dalilin haka mai sauƙi ne. Fim ɗin Amurka yana nuna rayuwar da ba ta yi kama da tamu ba. Fim ɗin Indiya kuwa yana nuna gida mai iyaye da kakanni, mata masu lulluɓi, kunyar surukai, da saurayi da budurwar da ke son juna alhali iyaye sun riga sun yanke wata shawarar. Bahaushe ya ga zamani a ciki, amma zamanin da ba na Bature ba. Tasirin ya kai har ga masu bandiri, inda ƙungiyoyi irin su Ushaƙu Indiya suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka mayar da su begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Sai kuma makaranta. Shirin ilimin firamare ga kowa da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 1976 ya cika azuzuwa da yaran da iyayensu ba su taɓa riƙe fensir ba. Bayan shekara goma waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata masu iya karanta Hausar boko, a daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai matasan suka fara rubuta nasu, suna bugawa da kuɗinsu, suna sayarwa a kasuwa. Abin da masu suka suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ke nan, jama'a kuma suka kira littattafan soyayya.

Ba soyayya kaɗai ke cikinsu ba. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. Marubuciyar ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun tana ƙarama. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino labarin 'yar masu kuɗi ne da ta nace sai talaka, iyaye kuma suka nace sai mai hali. Tun kafin kyamara ta shigo, an riga an kafa tambayar da za ta mamaye finafinan: wa ke da ikon zaɓar wa yarinya miji, kuma yaushe?

Shekarun kaset

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyon Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Bayansa littattafai suka fara komawa kaset: In Da So Da Ƙauna, da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat. Kaset ya yi abin da sinima ta kasa. Ya tsallake zaure ya shiga cikin gida, ya sami matan aure da 'yan matan da ba za su taɓa zuwa Plaza ko Marhaba ba. Daga nan mata suka zama ƙashin bayan kasuwar.

Sangaya, wanda kamfanin Sarauniya ya shirya, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya sauya komai. Labarin ɗan sarki ne da ya kamu da son yarinya mai aiki a cikin gidan sarauta, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragamarsa. Amma abin da ya sayar da shi shi ne waƙa da rawa a kan kiɗan fiyano. Bayansa ya zama da wuya a kai fim kasuwa babu waƙoƙi, har ta kai ana fara tsara waƙar kafin a gama labarin. A 2000 Wasila da Mujadala suka biyo, sunan Ali Nuhu ya kafu, taurari irin su Ahmed S. Nuhu da Abida Muhammad da Sani Danja suka cika kalandun da ake liƙawa a bangon ɗaki. A wannan tsakani ne mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta ƙirƙiro sunan Kannywood a 1999, shekara uku kafin a fara jin kalmar Nollywood, a shekarar kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim.

Masana ba su yi barci ba. A watan Agusta na 2003 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Kano a kan finafinan Hausa, kuma takardun da aka gabatar suka zama littafin Hausa Home Videos: Technology, Economy and Society na 2004, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf M. Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace. Farfesa Abdalla, wanda daga baya ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya daga 2016 zuwa 2021, ya ci gaba da rubutu a kan yadda masu shirya fim suka riƙa ɗaukar labaran Indiya suna sa musu rigar Hausa, da yadda hakan ya jawo musu fushin malamai da na masu kishin al'ada.

A nan ne bambancin namu da na Amurka ya fito sarari. Fim ɗin matasan Amurka a makaranta yake faruwa, damuwarsa ita ce wa zai raka wa bikin ƙarshen shekara, wa ke da farin jini a aji. Namu a ƙofar gida yake faruwa, a wurin zance, a falon Alhaji, a ɗakin uwa. Damuwarsa aure ce. Dalili kuwa shi ne, a al'adarmu tsakanin balaga da aure ba wani dogon zango ba ne, musamman ga 'ya mace. A ƙauyuka da yawa yarinya na tashi daga dandalin gaɗa kai tsaye zuwa ɗakin miji. Abin da finafinan suka yi shi ne suka shimfiɗa wannan gajeren zango suka mayar da shi fili mai faɗi, inda budurwa za ta yi karatu, ta yi kwalliya, ta yi magana, ta ce tana so ko ba ta so. Rawa da waƙar da ake yi a lambu ita ce dandalin da aka rasa, aka sake gina shi a cikin akwati.

Daga Ƙofar Wambai zuwa bakin iyaka

Yankin masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, yana cikin tsohuwar jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. An raba jiha, amma ba a raba kasuwa ba. Kaset ɗin da aka kwafa a Ƙofar Wambai ko aka sara a Bata, kan hanyar Gumel yake biyowa tare da atamfa da batir da sabulu, ya sauka a Maigatari, daga nan ya tsallaka zuwa yankin Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Motar da ta kawo kaya ita ke komawa da awaki da raguna. Bahaushen Nijar wanda ya yi karatu da Faransanci da na Nijeriya wanda ya yi da Ingilishi suka haɗu a kan fim ɗaya, ba tare da tafinta ba.

Tsarin cinikin kansa abin lura ne. Mai shirya fim yakan miƙa wa dillali uwar kaset, sannan ya buga kwalayen da za a saka kwafin a ciki ya sayar masa. Kuɗinsa a kan kwali yake. Duk kwafin da aka yi ba kwali, ko aka kai gidan haya mutum ɗari suka kalla, bai san da shi ba. Wannan ya sa fim zai iya cika ƙasa da suna, mai shi kuma yana neman na cefane.

A garuruwa irin su Ɗanzomo, inda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kallo bai taɓa zama harkar mutum ɗaya ba. Ana buƙatar janareta da man da za a zuba mata, da akwatin talabijin da na'urar bidiyo, waɗanda galibi sai a gidan kallo ko ɗakin sabuwar amarya ake samu. Yara su zauna a tabarma, 'yan mata a bakin gado, samari su leƙo ta taga. Ana kallo ana sharhi, ana tsine wa mugun uba, ana tausaya wa marainiya, ana gardama a kan ko yarinyar ta kyauta. Duk wanda ya ce yana begen Sangaya, ya duba da kyau. Wataƙila ba fim ɗin yake bege ba. Wataƙila ɗakin yake bege, da mutanen da suka cika shi, waɗanda wasunsu sun rasu, wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Yau kowa na kallon nasa shi kaɗai, da abin sauraro a kunne.

Abin da begen jiya ke mantawa

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Matsin rayuwar yau, tsadar abinci da rashin aikin yi da rufe iyakar da ya gurgunta kasuwar Maigatari daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ya kuma sake gurgunta ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun isa su sa mutum ya waiwaya. Amma waiwaye yana da son kai. Yakan tace abin da ya ga dama.

Sau da yawa za ka ji ana cewa finafinan da sun fi tarbiyya, na yanzu ne suka lalace. Tarihi bai goyi bayan wannan magana yadda ake faɗinta ba. A lokacin da Sangaya da Wasila ke tashe, ba a kira su masu tarbiyya ba. An yi wa'azi a kansu a masallatai, an ce suna koya wa 'yan mata rashin kunya da bijire wa iyaye. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a 1999 da Kano da Jigawa a 2000, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim baki ɗaya a Disambar 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan soyayya da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a bainar jama'a.

A wannan shekarar ce kuma wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a wayoyi. Aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, kotun tafi-da-gidanka ta fara aiki. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya. An ɗaure Rabilu Musa Ibro a 2008. A ƙarshen shekarar aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan Tama hukuncin ɗauri a kan fim ɗinsa Tsintsiya, alhali ya tsaya takarar gwamnan Kano a 2007, abin da ya sa mutane da yawa suka ga hannun siyasa a ciki. 'Yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da wasu garuruwa. Ko a 2016, shirin gwamnatin Muhammadu Buhari na gina alƙaryar fim a Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji ya rushe saboda adawar malamai da jama'a, a shekarar kuma ƙungiyar masu shirya fim ta kori Rahama Sadau saboda fitowa a wani bidiyon waƙa.

Ba za a ce masu sukar ba su da hujja ko kaɗan ba. Finafinai da yawa kwafin Indiya ne tsagwaronsa. Sun cika ido da manyan gidaje da motoci a lokacin da mai kallo ke neman kuɗin taki. Mutumin ƙauye, wanda shi ne ya fi sayen kaset, galibi a matsayin abin dariya ya fito, mai hula a karkace da baki buɗe a birni. Manomin gero da riɗi na Gagarawa ko makiyayin Sule Tankarkar bai cika ganin rayuwarsa a akwatin da ya biya kuɗin kallo ba. Sannan nauyin tsangwamar bai faɗa daidai a kan kowa ba. Jaruman maza sun girma a cikin sana'ar, sun zama dattawanta, har Ali Nuhu ya zama shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024. Mafi yawan matan da suka yi tashe tare da su kuwa aure ko tsangwama sun raba su da ita tun da wuri.

Amma duk da waɗannan kurakurai, rikicin da aka yi a kan finafinan ba na rawa da waƙa ba ne kawai. Rikici ne a kan iko: wa ke da hurumin faɗin yadda matashi zai rayu, uba ne, ko malami, ko gwamna, ko shi matashin kansa? A ƙasar da fiye da rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba, wannan tambaya ce ta siyasa. Ita ce ta sake fitowa da wata fuska a 2018, lokacin da aka sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda ta sauko da na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Matashin da ke neman a saurare shi a zauren jam'iyya yau, magajin budurwar nan ce ta cikin kaset wadda ta ɗaga kai ta ce wa mahaifinta ba ta so. Idan ya manta cewa an taɓa ƙona littafi an kuma ɗaure mutane a kan wannan, zai iya tafa wa wanda zai rufe bakin ƙanensa gobe da sunan gyaran tarbiyya.

Wa zai adana?

Kasuwa ta riga ta gane cewa bege haja ne. A 2017 Ali Nuhu ya fitar da Mansoor, labarin ɗalibai da sababbin fuskoki irin su Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, a 2018 kuma ya sake ɗaukar Mujadala, shekara 18 bayan na farko. Tazarar ta yi daidai da wadda aka gani a Amurka. Sai dai kasuwar da aka sani ta riga ta watse. Faifan CD ya kori kaset, katin waya ya kori faifai, finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka cinye wani kaso, sannan masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da Labarina da Izzar So, suka ja masu kallo zuwa talabijin da YouTube.

Abin da ya rage a baya shi ne tsofaffin finafinan kansu, kuma suna mutuwa. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, faifai yana karcewa. Da yawa daga abin da ake gani a intanet kwafin kwafi ne, hoto ya dushe, murya ta shaƙe, wani ma babu farko ko ƙarshe, kuma ba lallai ne masu haƙƙinsa su sami ko sisi ba. Akwai darasi a labarin Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Idan fim ɗin da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, wanda aka ciro daga littafin firaminista, ya kusa salwanta, ina ga kaset ɗin da wasu samari suka haɗa da kuɗin aro a Fagge?

Akwai kuma gibi na biyu. Mafi yawan abin da masana suka rubuta a kan wannan tarihi da Turanci yake, cikin littattafan da tsadarsu da ƙarancinsu suka nisanta su daga waɗanda labarin ya shafa. Kuma galibinsa labarin Kano ne: masu shiryawa, dillalai, hukuma. Labarin masu kallo na garuruwan bakin iyaka yana nan a bakin mutane. Mai gidan kallon da ya san fim ɗin da ya fi cika masa ɗaki yana raye. Direban da ya yi shekaru yana ɗauko kwalayen kaset daga Kano yana raye. Uwar da ta fara jin cewa mace na iya ƙin auren dole daga bakin wata jaruma, ta kuma bar 'yarta ta gama sakandare, tana raye. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse, waɗanda kowace shekara ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, suna da wayar ɗaukar murya a aljihu. Rumbun adana finafinai na ƙasa da ke Jos yana ƙarƙashin hukumar da jarumin Sangaya ya samu shugabancinta, kuma babu laifi idan matasa suka tambayi wakilansu nawa aka ware don ceto finafinan Hausa na shekarun kaset.

Amurkawa suna iya rubuta tarihin finafinan matasansu na shekara kusan 90 saboda finafinan suna nan, an adana su, kowa na iya komawa ya duba ko abin da yake tunawa gaskiya ne. Mu namu a 1990 ya faro, amma wani sashe nasa ya riga ya zama sai dai labari. Kafin a ce finafinan da sun fi na yanzu, ko ba su fi ba, sai an fara samun su a kalla. Wanda ke da tsohon kwali cike da kaset a ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa a Ɗanzomo ko Gumel, kada ya bari a zubar da shi ranar share ɗaki.